Baba Oreste da Waya ta Goma

Ƙarfe bakwai na safe Oreste Bellandi yake jingine kekensa a bayan sashen lissafi na jami'a, ya sauka ɗakinsa na ƙasa, ya dama ruwan sabulu a bokiti. Sai ya gama yake kurɓar gahawar da nake kai masa daga shagonmu. Shekararsa arba'in da ɗaya a ɗakin nan, ƙarshen wata zai ajiye filayarsa.

Ni tun aji uku na gudu daga makaranta, na taɓa sana'a biyar, saboda haka sanina kaɗan ne. Malaman da ke sama suna nazarin awon siffofi masu wuyar awo, masu lanƙwasa da kusurwoyi. In aka tsoma waya a sabulu aka ɗago, yanar da ta kama kullum shimfiɗa mafi ƙanƙanta take zaɓa. Su suna neman hujja a allo, shi yana lanƙwasa musu waya su gani da ido.

Farfesa Nives Taddei da bakinta ta ba ni wannan labari. Tana ɗaliba, saura wata biyu ta miƙa aikin shekara huɗu, lissafinta ya ce a wata siffa yana huɗu za su haɗu a layi ɗaya. Sabulu ya ƙi. Sau tara tana mayar masa da waya.

"Baba Oreste, ko hannun ne ya fara rawa?"

"Hannuna lafiya lau, 'yata. Tun kina rarrafe nake tsoma waya, uku-uku suke haɗuwa. Zan iya ƙara wa ruwan kauri ya tsaya miki na ƙiftawar ido, ki ɗauki hoto. Amma ba zan yi ba."

"Yanzu mai bokiti ne zai koya mini lissafi?"

"Ni wa? Sabulun dai. Shi bai san ke haziƙa ba ce."

Mako uku ba ta gaishe shi ba. A na huɗu ta gano layin da ta yi kuskure, ta ɗage miƙa aikin da shekara guda. Gyararren aikin nan ne yau masu bincike a ƙasashe da dama suke ɗora nasu a kai. Na sa ta duba mini, babu sunan Baba Oreste a ciki.

Baba Oreste, kai ne ka yarda a ƙi gaishe ka, ba ka yarda a yi gini a kan ƙarya ba. Mun gode. Duk wanda aka ba wa ƙaramin aiki a ƙasan bene, ya riƙe shi yadda ka riƙe naka.

Jiya na tarar yana kwashe kaya. Wayoyin nan tara suna rataye a ƙusa, ya ce in kai wa Farfesa. Na tambaye shi ko akwai ta goma.

"Wadda za ta yi mata ƙarya? Ita ce ban lanƙwasa ba," in ji shi.