Shaidar Inna a kan wutar maƙwabcinmu

Abubuwa da yawa sun same ni a Madina, wasu ma na manta su, amma ranar da mahaifiyata ta ba da shaida a kan wutar maƙwabcinmu ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Lokacin ina aikin ɗaukar kayan alhazai a filin jirgi, ni da Inna muna haya a wani bene kusa da wurin aikin, can wajen iyakar Harami. Ƙofarmu na kallon ta wani Ba'indiye mai gyaran injin da ke jan akwatuna. Ba musulmi ba ne, kuma ba mai surutu ba ne. In kun haɗu a matakala zai kaɗa maka kai, ka wuce kana tunanin ko e ya ce ko a'a.

Ana tsakiyar aikin Hajji ubansa ya rasu a ƙasarsu. Hutu a irin wannan lokaci kuwa, ko kai ne ka mutu sai an duba. Bai samu tafiya ba.

Bayan 'yan kwanaki Inna ta hau saman bene kwashe kuɓewar da ta shanya, ta sauko ranta a ɓace.

"Yaron nan yunwa za ta kashe shi," in ji ta. "Ya hura wuta da kashin shanu a ɗan kaskon jan ƙarfe, ya zuba man shanu, ya ɗebi shinkafa da 'yan yatsu ya jefa cikin wutar. Ko tukunya babu."

Da magariba ta ba ni tuwo da miyar naman shanu in kai masa. Ya karɓa hannu biyu, ya leƙa, ya dawo mini da shi a ladabce, wai ba ya cin nama. Inna ta ce rashin sabo ne, ta koma aika masa shinkafa da wake.

A wajen kai kwanon ne ya yi mini bayani da guntun Larabcinsa. Tsohuwar ibada ce ta Hindu, daga littattafansu na Veda, ana yin ta da fitowar rana da faɗuwarta. Ubansa bai taɓa fashin ta ba, shi kuma shi ne babban ɗa. Kashin shanun ma sai da ya je wata gona a unguwar Awali ya roƙo. Gaskiya na ga haɗarin abin a ƙasar nan, sai na ɓoye wa Inna bayanin, don ba ta iya riƙe labari.

Ashe mai gadin benen ya ga toka, ya ji ana karatu da wani yare. Ya kira mai gidan haya ya ce ana sihiri a saman bene. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san wannan kalma ba ta wasa ba ce. Aikin mutum da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, duk sai su tafi, in ma abin ya tsaya nan.

Mai gidan ya zo bayan la'asar, wayarsa a hannu zai kira 'yan sanda. Jikan Kanawa ne haifaffen Madina, yana jin Hausa amma da Larabci yake amsawa. Maƙwabcin namu na tsaye rungume da kaskonsa. Ni ina neman ta inda zan fara, sai ga Inna ta fito da mayafinta.

"Ya khala, me kika gani?" in ji mai gidan, yana kiranta inna da Larabci.

"Wuta na gani, da mai, da shinkafa. Ɗan nan, na girmi ubanka, na san kayan boka. Ba laya, ba gashi, ba ƙulli, ba sunan kowa. Ubansa ne ya mutu bai ga gawarsa ba. Buga wayar, in ka tanadi abin da za ka gaya wa Allah."

Mai gadi ya ce ai dai ba sallah ba ce.

"Na ce maka sallah ce? Sihiri ka ce, na ce ba shi ba ne. Kai da ke hura gawayin shisha a ɗakin mita, wutarka ta fi kusa da ƙona mu."

Mai gidan ya dubi mai gadi, sannan ya sa wayar a aljihu. "Khalas, shi ke nan," ya ce. "Amma daga yau ba wuta a saman bene." Maƙwabcin namu ya tsira da aikinsa, wutar ubansa kuma ta ƙare a gidanmu. Na ji tausayinsa ƙwarai.

Da muka shiga ɗaki na ce, "Inna, kin san fa ibadarsu yake yi?"

"Tun rana ta biyu. Wa ka taɓa gani yana girki ba takalmi, ido a rufe, hawaye na zuba?"

"To abincin fa?"

"Gidan mutuwa ne, ba mai kai masa. Ba zan taya shi hura wutar ba, Allah ya tsare ni. Amma maƙwabcina ne."

A ranar na koyi cewa ba sai ka yarda da abin da mutum yake bautawa ba kafin ka hana a yi masa ƙazafi. Ni da na san komai na tsaya ina neman kalma, tsohuwar da nake tsoron bakinta ce ta buɗe shi a inda ake bukata.