Gyangyaɗin Mai Aski

Duk layin babu wanda bai san Siriri mai aski ba. Tun yana saurayi hannunsa ke da laushi. Amma da shekaru suka ja, sai ya koma gyangyaɗi a tsaye. Ran da ya fitar wa wani direba titi daga goshi har tsakar ka, bencin masu jiran aski ya watse, ya rage daga shi sai madubi. Abin ya yi masa ciwo, don ba shi da wata sana'ar.

Matarsa ta san tushen abin. Minsharinsa kamar janareta, can kuma numfashi ya ɗauke ɗif sai ta zungure shi. Yayansa, wani mai ƙaton tumbi, ya taɓa fama da haka, ya rage ƙiba ya samu sauƙi. Shi ya zo shago ya yanke hukunci.

"Rage ci, ƙanena. Ni shaida ne."

"Yaya, me zan rage? Ƙashin?"

Amma maganar babba ce. Matar ta raba kwanonsa biyu. Bawan Allah ya ƙara ƙanjamewa har wando na zamewa, minshari kuwa ko gezau.

Da ta gaji, ta tasa shi gaba sai asibiti. Bayan gwajin barci, likita ta kama haɓarsa ta juya, yadda shi ke juya ta mutane.

"Malam, ciwonku ɗaya da yayanka, dalili ne daban. Shi kitse ya matse masa maƙogwaro. Kai muƙamuƙinka na ƙasa ne ya shige ciki. Kana kwanciya harshe ya koma baya ya toshe hanyar iska."

"To likita, in ci abinci?"

"Ci, har da ƙari."

Aka auna haƙoransa, aka yi masa 'yar roba da yake sawa in zai kwanta, tana turo muƙamuƙin gaba. Da farko ya yi ta dalalar da miyau yana mita, daga baya barcinsa ya daidaita, idonsa ya washe.

Mutane ba su dawo da wuri ba, wanda maciji ya sara ko baƙin tsumma ya gani sai ya gudu. Wata safiya wani dattijo ya shigo gyaran gemu, yana ta sa ido kan hannun Siriri ta madubi. Da reza ta kai wuya, sai dattijon ya jingina kai ya lumshe ido. Daɗi ya kama Siriri har ƙwalla ta taho. Ya share da hannun riga, ya ci gaba da askinsa.