Wayar Sitatar Motar Hajiya Kulu

Ranar da Hajiya Kulu ta kawo motarta shagon Babana a Badariya ba ta taɓa fita raina ba. Ina aji uku a sakandare, muna hutun ƙarshen zango. Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, ma'aikata sun dawo daga Sakkwato da motocinsu, ɓarayi ma sun biyo su. Kowa so yake a sa masa alam, wato na'urar da ke ihu idan an taɓa mota.

Babana mai wayarin mota ne. Mutane sun ɗauka kawo masa abinci nake yi, in tsaya miƙa filaya. Gaskiyar ita ce idanunsa sun fara dushewa, ba ya bambance launin waya. Ni ke duƙawa kusa da shi ƙarƙashin sitiyari, ya tambaya a hankali, "Mi kig gani?" ni kuma in raɗa masa. Daga ni sai Innarmu muka sani. Tsoronsa shi ne maganar ta fita, domin babu mai ba makaho wayar motarsa, kuma da shagon nan muke ci.

Ihun alam ba ya hana ɓarawo tafiya da mota. Abin da ke hana shi wani ɗan baƙin akwati ne kamar gidan ashana, mai ƙafa biyar, ana ce masa rile. Ana yanke wayar da ke kai wuta ga sitata, a bi da ita ta cikinsa. Idan alam na kunne, sai rile ya raba wayar, ko an murɗa makulli mota ba za ta tashi ba. Haɗarin shi ne kusa da ita akwai wayar da ke riƙe inji yana aiki. Wanda ya yanke wannan bisa kuskure, wata rana mota za ta mutu tana tsakiyar gudu.

Hajiya Kulu ma'aikaciyar jinya ce a Argungu, kullum tana bisa hanyar nan. Masu mota sukan bar makulli su tafi, ita kuwa ta ja benci ta zauna, ta ce ba ta da inda za ta. Ta tambaye ni sunana, na faɗa ina kallon takalminta.

Da Baba ya kwance murfin sitiyari, sai na ga matsala. An taɓa yi wa motar gyara, wayoyin biyu duk launinsu ɗaya. Na raɗa masa. Ya ce ba komai, dama launi ba shaida ba ne, a ɗauko ƙwan gwaji. Wayar inji tana kunna ƙwan muddin makulli na buɗe. Ta sitata kuwa sai lokacin da ake murɗawa kawai, da an saki ta mutu.

Kafin in kai hannu ga makulli, Hajiya ta ce ita za ta murɗa, ai motarta ce, ta san halinta. Ta shiga ta zauna, gwiwarta dab da kan Baba. Raɗa ba za ta yiwu ba, shi kuma ba ya ganin hasken ɗan ƙwan nan da rana. Sai na dafa hannunsa kamar ina riƙe masa waya. A wayar farko ƙwan ya kama bai mutu ba, na matse hannun ban saki ba. A ta biyu ya kama ya mutu, na matse na saki. Na ji ya gane. Da na ɗago, idon Hajiya na kan yatsuna.

Baba ya sa filaya a wayar, amma bai datse ba. Ya fito da kansa, ya goge hannu a riga.

"Hajiya, ban yanke komi ba tukuna. Idanuna sun yi rauni, da na ɗiyag ga nika aiki. In kin fi son ki kai wani wuri, sai in maida murfin."

Ban taɓa jin ya faɗa wa kowa ba. Na ji kamar in shige ƙarƙashin kujera.

Hajiya ta yi dariya kaɗan. Ta ce tun da ta miƙa masa makulli ya kai hannu gefe ta lura, shi ya sa ma ta zauna. Ta ce ya matso, ta ɗaga fatar idonsa da babban yatsa kamar yaro.

"Malam Garba, yanar ido ce. Cire ta akai. Kai da ka iya gyaran fitilar kowa, ka bar taka? Yanke wayarka, ɗiyarka ta fi madubin likita."

Ya datse. Ya laluba ƙafafun rile da yatsa, ya haɗa ɓari ɗaya na wayar a ƙafar gindi, ɗayan a ta tsakiya. Ya bayyana mata cewa da gangan ya zaɓi ta tsakiya: ko alam ya lalace, ko ruwan fadama ya shige shi, motar za ta tashi, ba za ta tsaya da mara lafiya a hanya ba. Ya liƙe da dalma, na naɗe da baƙin tef. Aka kunna alam, ta murɗa, shiru. Aka kashe, mota ta tashi. Ya zare fis ɗin alam gaba ɗaya, ta sake tashi.

A cikin motar nan ta kai shi wurin likitan ido bayan sallar layya. Ranar da aka cire masa bandeji ya daɗe yana kallona, sannan ya ce wa Innarmu, ashe yarinyar nan ta yi tsawo haka.

Abin da na koya a sana'ar nan shi ne, waya idan an yanke ta ba ta komawa yadda take, don haka duk abin da mai mota ya kamata ya sani, kafin a datse ake faɗa masa. Baba yanzu yana ganin kowane launi. Amma duk ranar da babu makaranta, idan ya duƙa ƙarƙashin sitiyari, sai ya matsa ya bar mini wuri, ya ce, "Mi kig gani?" Ni kuma in faɗa masa.