Tsakanin Sani da Yarda: Shekara Goma Sha Biyar Babu Yaya Monika

Shekara goma sha biyar ke nan. Ranar wata Alhamis ce cikin damina, da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, a ɗakinta da ke unguwar Television a Kaduna, yayata Monika ta cika. Mu uku ne a wajen: ni, da 'yarta Rahila, da Fadan cocinsu wanda ya zo ya shafa mata man marasa lafiya. Na san lokacin daidai domin na duba agogo. Wanda ya yi shekara talatin yana karanta labarai a rediyo ba ya iya barin abu ya faru bai duba agogo ba, ko da kuwa rasuwar wadda ta goya shi ce.

Malama ce. Ta fara koyarwa a makarantar mishan, gwamnati ta karɓe makarantun tana ciki, ta kuma yi ritaya tana shugabar wata firamare a Kakuri. Wannan karɓewar ba ta taɓa barin zuciyarta ba. Takan ce ba ginin ne ya yi mata ciwo ba, sai dai cewa a rediyo kawai ta ji, tana wankin kwanuka. Ni ne autan gidanmu, kuma har na yi furfura ba ta kira ni da wani suna ba sai Auta.

Matasan yau ba za su gane yadda muka ji ba a lokacin da mulki ya koma hannun farar hula. A zamanin soja doka kan sauko ne kamar ruwan sama. A miƙo mana takarda a ɗakin labarai, mu fassara, mu karanta, shi ke nan ta hau kan kowa. Sai ga shi an ce yanzu kafin doka ta zama doka za a kira zaman jin ra'ayin jama'a, kuma talaka zai iya tsayawa gaban 'yan majalisar jiha ya ce bai yarda ba. Mutane da yawa sun ɗauka wasan kwaikwayo ne. Yaya Monika ta ɗauka da gaske. Cocinsu na Katolika ya kafa ɗan kwamiti mai bin diddigin duk ƙudirin da ya taɓa rai, ko iyali, ko makaranta, aka sa ta ciki domin ita ce mai haƙurin karanta takarda daga farko har ƙarshe.

Ƙudirin da ya haɗa ni da ita ya shafi makarantun gwamnati. Ya tanadi darussan rayuwar iyali, ya kuma ba ma'aikacin lafiya damar ganawa da ɗalibai yana ba su shawara kan hana ɗaukar ciki. Matsayin cocinta sananne ne: rai yana farawa daga ciki, iyaye kuma su ne malaman farko na ɗansu. Ba ta ƙi a koyar ba, ita kanta ta koyar da 'yan mata abin da uwayensu ke kunyar faɗa. Abu ɗaya take so: maganar ƙarshe ta zama ta iyaye. Kwamitin ya shirya takardar koke, aka fara sa hannu a ƙofar coci bayan sujada, wasu da biro, wasu da dangwala yatsa. Lahadi ɗaya ta rage kafin zaman majalisar.

Ranar Talata aka ba ni labarin ƙudirin in fassara. Turancin ya ce shugaban makaranta zai sanar da iyaye kafin a fara. A aikinmu an horar da mu kan taƙaitawa, jimlar da za ta ci daƙiƙa goma a mayar da ita biyar. Sai na rubuta, na kuma karanta a labaran rana: za a gudanar da shirin da sanin iyaye.

Ba ƙarya na yi ba. Amma duk mai jin Hausa ya san abin da kunne ke ɗauka in an ce an yi abu da sanin wane. Ba cewa ake yi labari ya kai gare shi kawai ba, cewa ake yi ya sani bai hana ba, wato da hannunsa a ciki. Kafin magariba matan zumunta na cocinsu sun fara aika wa Yaya saƙo cewa a janye koken, tunda rediyo ya ce da saninsu za a yi. Wasu har suka nemi a goge sunayensu, kada a ce Kiristoci na neman fitina a kan abin da aka riga aka ba su.

Washegari da safe ina ɗaura takalmi a gidana da ke Nasarawa ta shigo, ba ta ko zauna ba.

"Auta, in ɓarawo ya aiko maka da wasiƙa cewa jibi zai zo ya ɗauki akuyarka, ya kuma zo ya ɗauka, da saninka ya ɗauka ko ba da saninka ba?"

Na ce, "Da sanina, Yaya."

"Da yardarka fa?"

Ta buɗe jaka ta fito da kwafin ƙudirin, ta nuna mini sashen da ta ja wa layi da jan biro. Ta ce, "Nemo mini inda aka rubuta abin da zai faru in uwa ta ce a'a. Ina jira, ai kai ne mai Turanci." Na karanta sau biyu. Babu.

Magana zarar bunu ce, kowa ya sani. Amma a rediyo akwai gyara, sai dai a wancan lokacin gyaran ya fi kuskuren haɗari. Kaduna ba ta gama hucewa ba daga rikicin addinin da dukanmu muka gani. Mutane sun kwashe kayansu, kowa ya koma gefen kogin da ya fi jin kwanciyar hankali, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Haka na je na tsaya gaban shugaban sashenmu na Hausa, Malam Garba, mutumin Tudun Wada, na ce ina so in gyara labarin jiya.

Ya cire tabarau ya dube ni. "Ka san garin nan. Ka haɗa coci da doka da 'ya'yan mutane a jimla ɗaya, kafin azahar an rufe shagunan Kakuri. Wa ya yi ƙorafi?"

"Yayata."

"To, yayarka ce za ta kashe wutar in ta kama?"

Sai na ajiye masa sashen a kan tebur. Yana da 'ya'ya mata uku a makarantar gwamnati a lokacin. Ya karanta, ya sake karantawa, leɓɓansa na motsi. Daga nan ya ce, "Kalma ka ɓata, kalma za ka gyara. Kada in ji coci, kada in ji masallaci. In abu ya lalace, ni da kai ne."

Da ƙarfe ɗaya na rana na karanta jimla biyu: cewa a labaran jiya mun ce da sanin iyaye, abin da ƙudirin ya tanada kuwa shi ne a sanar da su, bai ambaci neman yardarsu ba. Ban taɓa jin nauyin harshena kamar ranar ba. Da na tashi aiki na hau bas zuwa gida, tun daga gada nake leƙen ƙofofin shaguna, ina ƙirga buɗaɗɗu. A buɗe suke duka. Mai gasa masara tana wajenta. Na kwana uku ina wannan leƙen kafin na daina. Ranar Lahadi layin masu sa hannu ya kai har bakin titi, kuma an gaya mini wasu iyaye daga Makera, waɗanda ba su taɓa taka harabar coci ba, sun shirya tasu takardar daban.

Na je zaman majalisar a matsayin ɗan kallo. An ba kowane mai magana minti biyar. Takardar kwamitin da Turanci take, amma Yaya ta miƙa ta, ta yi magana da Hausa. Ba ta kawo aya ko ɗaya ba. Ta roƙi a cire kalma ɗaya a sa wata. Wani ɗan majalisa, cikin raha da ladabi, ya ce, "Mama, ai sanarwa da neman yarda duk tafiyar ɗaya ce." Ta ce, "Ranka ya daɗe, in ɗaya ce, ba ka yi asarar komai ba in ka sa tawa." Aka yi dariya, shugaban zaman ya rubuta wani abu, ta koma ta zauna da sauran minti biyu a hannunta.

Ba kan komai muka yi daidai da ita ba, kuma ba zan ɓoye ba don ta mutu. Na taɓa tambayarta: yarinyar da ba ta da uwar da za ta ce e ko a'a fa, ko wadda gidan nasu ne inda haɗarin yake? Ta ce wannan ma sai a rubuta masa nasa sashen, kada a ƙwace na kowa saboda shi. Amsar ba ta gamsar da ni duka ba. Ina jin ita ma ba ta gamsar da ita ba, domin ta sake tayar da maganar da kanta fiye da sau ɗaya.

Abin da ke hana ni sukuni yau shi ne wannan. Yanzu ƙudiri yana cikin wayar kowa, ba sai an tsallaka kogi neman kwafi ba, amma ban san mutum nawa ne ke buɗe shi ba. Abin da ke yawo shi ne saƙon murya: wani ya ji daga wani, ya fassara cikin fushi, ya tura wa zauren waya na 'yan cocinsu ko na 'yan masallacinsu. Ni kuskurena ya kwantar da mutane inda ya kamata su farka. Na yau yana iya tayar da su inda babu komai, kuma babu wani Malam Garba da za a je a tsaya gabansa, babu labaran ƙarfe ɗaya da kowa zai ji gyaran a lokaci guda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa bangonmu ya sha tsagewa. Da tana nan, ina jin ba za ta tura ko ɗaya daga cikin saƙonnin ba. Za ta tambayi lambar sashen. Ina tsoron cewa masu yin wannan tambayar suna ƙarewa, a cocinta da wajensa.

Ba ta bar gida mai bene ba, ba a sa wa ko aji ɗaya sunanta ba. In an auna, abin da ya saura nata ɗan kaɗan ne: wasu iyaye a kudancin garin nan da har yau, in makaranta ta aiko da takarda, sukan juya ta su nemi inda ake cewa a'a. Ko wannan zai kai ga jikokinsu, ban sani ba.

Ƙudirin kuwa, wa'adin waccan majalisar ya ƙare kafin a kai shi karatu na uku, wato matakin ƙarshe a majalisa, gyararren kwafinsa bai fito ba. Yaya Monika ta rayu shekara shida bayan haka, ta rasu ba ta san wace kalma aka bari a cikinsa ba.