Ranar da Mai Shara Ya Kwashe Zafin Ƙwai

A ofis ana ce mata Injiniya, a gida kuwa Auta. Tun tana ƙarama take kwance rediyon babanta, ta sha faɗa, ba ta daina ba. Da ta girma sai ta samu aiki a wani ƙaramin kamfani mai ƙera injin ƙyanƙyasar ƙwai. Ita ta rubuta manhajar injin da yaren kwamfuta mai suna C, ta dasa wani yare mai sauƙi a ciki, don masu gona su riƙa rubuta nasu umarnin.

Wannan yaren yana da abin da ake kira mai shara. Duk abin da ya ga ba a riƙe da shi a ƙwaƙwalwar injin, sai ya kwashe.

Kawunta ne ya fara gwada injin a gonarsa. Ƙwai sun kusa ƙyanƙyashewa, sai ga kiransa da rana tsaka.

"Auta, injinki ya yi shiru. Ciki yana hucewa."

Da ta isa, ta tarar da shi yana lulluɓe farantan ƙwai da barguna. Ta durƙusa, ta jona kwamfuta, ta tayar da injin. Ya ɗauka, ya sake mutuwa.

"Har yanzu?" in ji shi.

"Kawu, ka ɗan yi mini haƙuri."

"Ni na yi. Su ne ba za su yi ba. Taɓa ki ji."

Ta taɓa ƙwai ɗaya. Ɗumin ya soma guduwa. Ta bi layukan manhajar. Ashe ma'aunin zafi ɗaya ne ya lalace. Da yare mai sauƙin ya ci karo da kuskuren, sai ya yi tsalle ya fice, ya tsallake layin da ke gaya wa mai shara cewa C na riƙe da jadawalin zafi. Mai shara ya kwashe jadawalin. C ya miƙa hannu, ya ji wayam, ya faɗi, injin ya mutu.

Ta ɗaure jadawalin tun daga farko don kada mai shara ya kwashe shi, ta sa shinge mai cafke kuskure, ta cire ma'aunin. Fanka ta juya, hita ta yi ja.

Kusan rabin ƙwan ba su ƙyanƙyashe ba. Kawu bai ɗaga mata murya ba, ya kwashe su shi kaɗai ya binne bayan gona.

Tun daga ranar, ba ta barin inji ya fita ofis sai ta tsinke masa wayoyi da gangan, ta ga yadda zai yi. Abokan aikinta suna ce mata mai mugun hannu. Ba ta ko ɗaga kai.