Siton Yaya Lamidi

Yaya Lamidi tela ne a Iseyin, gwanin ɗinkin agbada, babbar rigar Yarbawa, amma sai ranar da ya ga dama. Tun rasuwar matarsa yake zaune shi kaɗai. 'Yarsa Morenike, wadda ke aure a Legas, ta aiko cewa tana tafe: in ta ga ba ya iya ciyar da kansa, da shi za ta koma. Shi kuwa ya tsani barin gidansa. Sai ya kira ni, ƙaninsa, in gyara masa siton abinci, wai mu akawu ba mu da aikin da ya wuce jera kaya.

Na tarar doya ta tsira har ta kama taga. Alabo a bokitin fenti, gishiri a gwangwanin madara, gwangwanin gishirin kuwa maɓallai ne cike. Wake in ka ɗebo sai ya kama tafiya a tafin hannunka.

Na ce, "Yaya, wannan waken sai zubarwa."

"Zubarwa? Ƙwarin ai nama ne. Kai tun kana yaro kake da iyayi!"

Yaya ne, ba dama in ɗaga murya. Duk abin da na fitar ta ƙofar gaba, sai ya zagaya ya maido shi ta baya. Da ƙyar na gama. Na sayo robobi masu murfi, hatsi a ƙasa, kayan miya a sama, manja a lungu. Na roƙe shi ya zo in nuna masa wurin kowane abu, ya kuma ɗora tukunya ko sau ɗaya kafin ta iso.

Ya ce, "A gidana za ka koya min hanya?" Ya saɓa hula ya tafi rumfar Iya Sikira cin amala.

Morenike ta zo, ta durƙusa ta gaishe mu, ta wuce sito kai tsaye. Ta shafa kwalbar manja, ta dubi yatsanta, ko maiƙo babu.

"Baba, miƙo min barkono."

Yaya ya buɗe roba, sai ga agushi. Ya buɗe wata, gero. Ya waiwayo ya harare ni.

Ta dube ni ta ce, "Sannu da aiki, Baba Ƙarami. Shi kuwa Baba, rabonsa da ɗakin nan ya daɗe. Baba, a haɗa kaya."

Ya yi rantsuwa, ya yi fushi, ya ce hawan jini Legas take sa masa. Ba ta saurare shi ba. Da mota ta tashi, ya leƙo ta taga ya ƙwala min kira, unguwa duk tana ji:

"Da ka bar min sitona da dattinsa, ai da ta ce ina girki! Ka ji daɗi, sarkin jeri!"