Tafiyata Agege Don Wanke Farfesa Tijjani

Alhamis: Zariya zuwa Lakwaja

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, ina sallame salla na ɗauki jakata na nufi tasha. Matata ta rako ni zaure tana mita: "Mutum ya ce zai sayo maka tikitin jirgi ka ƙi, sai ka je ka karya bayanka a mota?" Na ce mata baya nawa ne. Gaskiyar magana, ba na son in sauka a filin jirgin Ikeja cikin alfarmar Tijjani.

Tijjani ɗan Agege ne, ɗakinmu ɗaya a jami'a shekara huɗu, kuma ni nake yi masa bitar darasin hulɗar ƙasashe kafin jarrabawa. Da gurbin karatu a waje ya fito, guda ɗaya tak, mu biyu aka kira ganawa. Ni na fi shi maki, shi ya fi ni zaƙin Turanci. Yau shi farfesa ne a fannin tsaron duniya da dabarun makaman nukiliya, ana gayyatarsa ƙasa-ƙasa. Ni kuwa ina nan wata kwaleji ina fama da alli. Ina jin haushi, kuma ban taɓa daina ji ba.

Abin da ya sa ya kira ni shi ne mahaifiyarsa, Iya. An cika mata kunne a unguwa cewa ɗanta bam yake haɗa wa Turawa. Shekara shida ke nan ba ta cin abin da ya aiko, ba ta sa masa albarka. Ga tsufa ga ciwo, shi kuma ranar Lahadi zai koma ƙasar waje inda yake aiki. Ta ce mutum ɗaya za ta yarda da bakinsa: Ɗanlami, wato ni, don tun ina zuwa hutu gidansu ban taɓa yi mata ƙarya ba.

Mun wuce Kaduna ƙarfe bakwai da kwata, muka ci waina da miya a Tafa. Bayan Abaji aka tsayar da mu a shinge, jami'i ya ce a buɗe jaka. Sai ga littafin Tijjani, hoton makami mai linzami ɓaro-ɓaro a bango. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam, mene ne wannan?"

"Littafin abokina ne, ranka ya daɗe. Ga hotonsa a baya."

Ya juya littafin, ya ga Tijjani cikin kwat yana murmushi. "Wannan babban mutum ne abokinka? To kai me kake yi a cikin wannan akwalar?" Duk motar aka kwashe da dariya, har da direba, mara kunya. Mun shiga Lakwaja ƙarfe huɗu, na kama ɗaki kusa da tasha, fankarsa sai ƙara ba iska.

Juma'a: Lakwaja zuwa Agege

Ƙarfe shida muka tashi, ta Okene da Owo da Akure. Direban, wani Bazazzagi mai surutu, ya tambaye ni abin da zai kai ni Ikko. Na ce shaida zan bayar. Ya ce, "Allah sa ta gaskiya ce." Na ce ya dubi hanyarsa.

Tun daga nan har Ibadan abu ɗaya nake juyawa a raina. Ba sai na yi wa Iya ƙarya ba. In ta tambaye ni, in ɗan sunkuyar da kai in ce, "To, Iya, abin dai da wuyar sha'ani," shi ke nan, an gama da Farfesa. Ya tafi da digirinsa da kwat ɗinsa, ba albarkar uwa. Astagfirullah, amma na yi wannan tunanin, har na ji daɗinsa.

Cunkoso ya riƙe mu awa biyu a bakin Ikko. Na sauka Oshodi ƙarfe biyar da minti goma, na shiga ƙaramar bas da suke kira danfo, kwandasta na ihun "Agege! Agege!" kamar ana korarsa. Tijjani na tsaye a bakin layinsu. Ya yi ƙiba, ya yi furfura mai tsada. Ya rungume ni yana cewa, "Oga Ɗanlami! Wallahi ka cece ni." Na ce, "Tukuna dai."

Asabar: Ɗakin Iya

Da hantsi muka shiga. Iya na kishingiɗe a kan tabarma, ta rame ƙwarai, amma idon nan yana nan. Ta riƙe hannuna ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Tijjani ya durƙusa ya fara bayani; kalma uku da Hausa, sai ya zame cikin Turanci. Ta ɗaga masa hannu.

"Rufe mini baki. Kullum haka kake, in an zo wurin gaskiya sai ka shige Turanci. Ɗanlami, dube ni. Yaron nan yana da hannu a bam ko ba shi da shi?"

Na dubi Tijjani. Na ga gumi ya tsatso wa Farfesa a goshi, kuma ban yi gaggawar taimakonsa ba. Sai na dubi hannun Iya a cikin nawa, hannun da ya sha zuba mini tuwo da ƙari ba tare da na roƙa ba.

Na ce, "Iya, ki ɗauka gidan nan naku na haya, ɗaki na kallon ɗaki. Mutum biyu ba sa ga maciji, kowanne ya ajiye gangar fetur a ɗakinsa, da ashana a aljihu. In ɗaya ya ƙyasta, wa zai ƙone?"

"Duk gidan mana, har da maƙwabta."

"To haka manyan ƙasashe suke da wannan makami. Tsoron juna ne ya hana su ƙyastawa. Amma wata rana ɗaya zai ga hayaƙin girki ya zaci an cinna masa wuta. Aikin Tijjani shi ne ya yi nazarin yadda ba za a yi wannan kuskuren ba: a riƙa magana, a rage fetur ɗin, kowa ya bar ɗan'uwansa ya leƙa ɗakinsa ya gani. Ko ƙusa bai taɓa ɗaura wa bam ba. Na karanta littafinsa sau uku ina neman inda ya yi kuskure, ban samu ba."

Wannan ta ƙarshen ba ta cikin shirina, fita ta yi.

Iya ta daɗe tana kallon ɗanta. "Ashe sulhu kake yi? Shi ne ka kasa faɗa mini da bakin da na haife ka da shi? Matso nan." Ta ɗora hannu a kansa ta yi ta sa albarka, ƙato da shi yana kuka kamar an yaye shi. Ta ce a kawo mata shayin da ya aiko tun bara.

Sannan ta juyo gare ni, fuskarta cike da tausayi. "Kai kuma Ɗanlami, Allah ya yi maka albarka. Kai da ka iya bayani haka, me ya hana ka yin karatu kamar ɗan'uwanka?"

Na ce, "Allah bai nufa ba, Iya."

Lahadi da Litinin: Komawa

Ya sake yi mini tayin jirgi, na sake ƙi. Na bi hanyar da na zo, na kwana Lakwaja, na iso Zariya ranar Litinin ƙarfe uku da rabi, bayana kamar ba nawa ba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ya kuma kama harshena a ɗakin Iya. Na gode wa Iya da burodin Agege da ta cusa mini a jaka.

Tijjani ya turo saƙo yana neman izinin sa misalin gangar fetur a sabon littafinsa, wai zai rubuta sunana a shafin godiya. Yau kwana tara ke nan ban amsa masa ba. Na ce wa matata bari shi ma ya ɗanɗana jiran amsa.